Na Samu Injin Agogon Babana a Hannun Sabon Ladan

Saƙo ne daga wani ɗan gurup, ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum admin da ƴan uwa na wannan zaure. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ina tofa albarkacin bakina, yau ga ni nima na zo da tawa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, in ban faro daga tushe ba za ku ɗauka a kan agogo kawai nake wannan zafin. Lokaci kuma ya ƙure mini, jibi ne mutumin zai zo karɓar kayansa.

Ni mai gyara ne, rediyo, tocila, salula, agogo, duk abin da ke da murfin da ake buɗewa ina taɓawa. Ina cin kasuwar Gidan Rumji da ta Cadakori da ƙananan na kewaye, da ɗan teburina ɗaure a bayan moto, wato babur. Garinmu ƙauye ne tsakanin su biyun, ba zan faɗi sunansa ba. Babana shi ne ladanin masallacinmu tun kafin a haife ni, ni dai na buɗe ido na ji muryarsa ce ke tada gari. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da shanu, ba ya cikin masu faɗa a ji, abin da yake da shi a duniya shi ne mutane sun san in ya kira to lokaci ya yi. Wanda bai zauna ƙauye ba zai ce ai yanzu kowa na da salula. To mu a wurinmu batir ake cirewa a kai wa mai caji, in an mayar sai salular ta tashi da nata lokacin, ka tara mutum biyar ka samu ƙarfe biyar daban-daban, wani ma shekarar tasa daban. Saboda haka agogon gari shi ne bakin Baba. Mata da shi suke sauke tukunya, Fulanin da ke zaune yamma da mu da lasifikarmu suke shan ruwa.

Agogon Baba ba wani abin kuɗi ba ne. Kwaikwayo ne, irin waɗannan da ake yi musu fuska ruwan ƙwai da manyan lambobi don su yi kama da na mutanen da, na murɗawa ne ba mai batir ba. Wani ɗan uwanmu ya kawo masa tsaraba daga Makka, sai gari ya ɗauka abu ne na musamman. Ni da na buɗe shi na san ba haka ba ne, gidan yana da kyau amma injin ciki tarkace ne, yau ya yi gudu gobe ya yi nawa. Baba yana fama da shi a haka, kullum yana manne da rediyo yana daidaitawa, har ranar da wani Bafulatani ya kawo mini rediyonsa gyara a kasuwar Cadakori, ya haɗo da wani tsohon agogo da saniya ta taka. Gilashi babu, gida ya lotse, ya ce in ina so in riƙe. Da na ɓamɓare murfin sai na ga inji na gaske, tsohon aiki, na taɓa shi da matsefata sai ya motsa. Ban taɓa riƙe irinsa ba kuma har yau ban sake ba.

Nan take na ce wannan na Baba ne. Amma zancen a cire wannan a sa wancan ba haka yake da sauƙi ba, injin ya fi ramin gidan ƙanƙanta, in ka sa shi sai ya dinga kai da kawo. Sai da na samu tagulla na yanka zobe, na yi ta gogawa da magagari ina gwadawa har ya zauna daram. Ƙafafun fuskar ba su dace da ramukan injin ba, na yanke su na manne. Sandar murɗawa ta yi tsawo, na rage ta kaɗan-kaɗan ina tsoron kada in wuce. Mako uku na yi a kan aikin nan. Ubangidana da ya koya mini gyara yana da al'ada, duk aikin da ka yi alfahari da shi ka karce alamarka a ciki inda mai kaya ba ya gani, nima na karce harafin farko na sunana da ajami a jikin zoben, na ƙara a gefen injin. Tun daga ranar agogon nan bai ƙara yi wa Baba gardama ba. Ranar Juma'a kawai yake gwada shi da rediyo, da wuya ya samu minti guda ya kauce. Ban yi talla ba, Baba ma bai yi ba, mutane suka ci gaba da cewa albarkar Makka ce.

Yanzu ga mutumin. Zan kira shi Malam Sabi'u, ba sunansa ba ne. Maƙwabcinmu ne, ya girme ni da kusan shekara goma, a zauren gidanmu ya yi karatu gaban Baba, tuwon Innata ya ci ya girma. In Baba ba ya da lafiya shi ke riƙe masa kiran salla. Muryarsa tana da daɗi, ba zan hana shi wannan ba, kuma ya san tana da daɗi. Mutum ne mai son a gan shi, in Baba ya yi rawani sai ya yi, in Baba ya riƙe sanda sai ya nemo. Har Maraɗi ya je ya samo agogo irin na Baba sak, gida ɗaya fuska ɗaya. Sai nasa ya zama abin dariya, kullum sai ya ƙara minti huɗu, ƴan majalisar gindin bedi, wato dogon yaro, suka sa masa suna agogo mai zawo. Shi da bakinsa yake kuka da shi ko'ina, ni ma ya taɓa kawo mini na ce injin ne haka, sai dai a sauya. Ku riƙe wannan, ya san injinsa gudu yake, ya san ko minti nawa ne. Inna ta ce akwai ranar da ta ji shi a zaure yana tambayar Baba me ya sa nasa ba ya kuskure alhali kamarsu ɗaya, Baba ya yi dariya ya ce ai kamar a waje take, cikin ba ɗaya ba.

Bara kafin azumi na tafi Agadas neman abinci, na yi wata goma. Duk abin da zan faɗa yanzu ba na nan aka yi, Inna ce ta ba ni labari, na kuma bi na tambayi wasu. Azumi ya faɗo a farkon damina. Cikin goman tsakiya Baba ya buge hannu da ƙyauren masallaci gilashin agogon ya tsage, sai Malam Sabi'u ya ce zai shiga Maraɗi, a kawo ya kai a sauya. Ya tafi da shi ya dawo da shi washegari, gilashi sabo fes, an ma daidaita shi. Baba ya sa albarka ya ɗaura. Kwana huɗu sama garau take, Baba da ido yake duban faɗuwar rana, bai da buƙatar agogo. A na biyar hadari ya taso da la'asar ya rufe yamma baƙi ƙirin, iska ta lafa, ruwa bai sauko ba, gari ya yi duhu kamar almuru. Baba ya duba takardar lokutan salla da ke manne a bango, ya duba agogonsa da bai taɓa yi masa ƙarya ba, ya ƙara minti biyu na kiyayewa kamar yadda ya saba, ya ɗauki lasifika ya kira.

Gari ya sha ruwa. Masu kunu suka kafa kai, masu dabino suka ci, wasu har sun yi alwala sun shigo sahu, sai hadarin ya ɗage daga ƙasa, ga rana ja jazur zaune a kan itatuwa, ko taɓa ƙasa ba ta yi ba. Inna ta ce ludayi na hannunta ta ga haske ya faɗo a bangon ɗaki. Liman ya yanke hukunci kowa zai rama kwana ɗaya. Wannan ba komai, kuskure ne, ɗan Adam ne, da an bar shi nan da yanzu an manta. Amma bayan sallar magariba, a ƙofar masallaci, gaban manya da yara, Malam Sabi'u ya miƙe. Waɗanda suka ji sun maimaita mini kalmominsa har na hardace.

Ya ce, “Baba Ladan ya yi muna aiki, Allah shi saka mai. Amma ido ya tahi, shekaru sun zo. Yau azumin gari guda anka zubar. Ni nawa agogon ga shi, saura minti goma sha takwas lokacin da yak kira, ina dubawa.”

Yana dubawa. Yana zaune a cikin masallacin, yana kallon tsoho ya miƙe ya nufi lasifika, ya ga saura minti goma sha takwas, bai ce Baba dakata ba. Babu wanda ya tambaye shi wannan, kuma babu wanda ya tambaye shi yaushe agogon mai zawo ya warke. Kafin salla ƙarama dattawa sun zauna sun ce Baba ya huta, Malam Sabi'u ya karɓa. Baba ya cire agogon ya jefa cikin gafaka. Yara kuwa suka samu waƙa, suka sa masa suna Sha-da-Rana. Mutumin da ya haura saba'in, ya bi ta lungu yaro ya leƙo ta katanga ya ce Sha-da-Rana ya ruga. Fulani ma da suka zo kasuwa sun tsokane shi, su a wasa, sun ce Baba ka ci mu tarar yini guda. Yana dariya tare da su, ya dawo gida ya kasa cin tuwo.

Da na dawo ban gane shi ba. Ba wai rama ba, ya dai yi shiru ne. Har yanzu yana zuwa salla biyar, liman ya ce ba zai bar sahun gaba ba, saboda haka wurinsa yana nan, kafaɗa da kafaɗa da sabon ladan. Amma da an sallame sai ya ɗauki takalmansa, ya daina zaman gindin bedi, ya daina zuwa suna da ɗaurin aure sai ya zama dole. In lokacin salla ya gabato sai ka ga ya gyara murya, sai ya tuna, ya sunkuyar da kai. Na zaro agogon daga gafaka na sa turnabis, ɗan ƙarfen kwance kusoshi, na buɗe. Babu zobena, babu injina. Wani inji ne na banza, an cusa guntun katin waya an tokare shi don kada ya yi motsi. Na murɗa shi na ajiye kwana guda kusa da rediyo, ya ƙara minti huɗu cif.

Zuciyata ta ba ni mutumin tun a lokacin, amma ba ni da shaida. Na je Maraɗi na zaga masu gyara, kowa ya ce bai san zancen ba, kuma ko ni ne ba zan ce na sani ba. Na sami Malam Sabi'u na tambaye shi wurin wa ya kai, ya ce ya manta, wani ne dai a bakin kasuwa, ya kama salati yana cewa mutanen birni ba su da tsoron Allah. Na gaya wa Baba an sace injin, na ce bari in faɗa a masallaci ko sunansa ya wanku, ya ce in bar maganar. Na bari, amma wallahi ban bari a raina ba. Wata biyu ina gaisawa da mutumin nan, ina kallon hannunsa, ina jin muryarsa sau biyar a rana tana shigowa har ɗakina. Ban taɓa tsanar wani mahaluki kamar yadda na tsane shi ba, har na fara tsoron kaina, don in ya ce hayya alas sala ni abin da ke zuwa mini daban ne.

Shekaranjiya da hantsi ina kan teburina a kasuwar Gidan Rumji sai ga shi da kansa. Kan murɗawar agogonsa ya zare ya fito da sandarsa gaba ɗaya, agogo ya tsaya, ga azumi saura ƴan kwanaki, ba shi da lokacin zuwa Maraɗi. Bai san ni na yi aikin farko ba, shi a ganinsa daga Makka abin ya zo haka, kuma cikin agogo duk ɗaya ne a idon wanda bai sani ba. Ya kwance ya miƙo mini yana wani ɗaga kai.

Ya ce, “Ka lallaɓa shi, wanga ba irin na tebur ba ne. Gari duka da shi ya dogara.”

Na ce to Malam, a bar shi kwana huɗu. Yana juya baya na buɗe. Ga zobena na tagulla, ga sawun magagarina a jikinsa, ga harafina a wuri biyu. Wanda ya yi masa aikin a Maraɗi ko goge alamar bai yi ba, kuma shi ya ɗaure sandar a karkace, shi ya sa ta zare. Na zauna ina kallon abin nan har wata mata mai tocila ta gaji da yi mini sallama ta wuce. Ban yi kuka ba, wani irin sanyi ne na ji ya sauko mini, irin na wanda ya daɗe yana jira.

Ga abin da na yi, kuma shi ne ainihin abin da ya kawo ni nan. Jiya da safe ban je ko'ina ba, na shimfiɗa farin ƙyalle a ɗakina na ajiye agogon biyu. Na cire injina da zobensa, na wanke, na ɗiga masa mai, na gyara sandar, na mayar cikin agogon Baba. Na ɗauki na banzan, da guntun katinsa da komai, na mayar cikin na Malam Sabi'u, na rufe na goge gilashi. A waje ba za ka taɓa ganewa ba. Na ce a raina ban yi sata ba, ban yi zalunci ba, kowa na mayar masa da kayansa ne. In ya zo in daidaita masa da rediyo a gabansa in miƙa masa, in ce Allah ya sa a yi azumi lafiya. Shi yanzu ya saki jiki, ya daina gwadawa, ko Juma'ar ma ba ya yi, yana faɗa wa mutane nasa ba ya buƙata. Kwana huɗu, biyar, in Allah ya kawo hadari rana ɗaya, shi ke nan. In tsaya a ƙofar masallacin nan, daidai inda ya tsaya, in ɗaga hannun Baba in ce ga namu, saura minti kaza, muna dubawa. Sannan in buɗe murfin biyu a gaban liman. Ba zan ɓoye muku ba, na maimaita wannan a kaina ya fi sau ɗari, kuma duk lokacin daɗi nake ji.

Kuskuren da na yi shi ne ban iya riƙe murnata ba. Bayan azahar na sami Baba a zaure yana gyaran igiyar guga, na durƙusa na ɗaura masa agogon. Ya dube shi, ya kai kunne. Ya daɗe a haka idonsa a rufe. Na ɗauka albarka zai sa mini. Sai ya buɗe ido ya ce, “To shi Sabi'u da mi za shi kira?”

Ni ban ambaci sunan kowa ba, ban gaya masa inda na samo ba. Na ce Baba, dama ka sani?

Ya ce, “Shekara nawa ina kwana da abin ga a kunne? In munka yi sujada hannunai na nan dab da kunnena. Tun sallar asuba ta bayan abin naj ji muryatai.”

Jama'a, kusan shekara guda. Sau biyar kullum tsohon nan yana sa goshi a ƙasa yana jin injinsa na bugawa a hannun wanda ya tozarta shi, ya sallame ya miƙa masa hannu. Ko Inna bai gaya wa ba. Na tambaye shi don me, muryata ta fara tashi, abin da ban taɓa yi a gabansa ba. Ya ce da farko ya yi niyyar magana, har ya kama hanyar gidan liman ya dawo. Ya ce ya duba ya ga ko an wanke shi ba zai koma ba, idonsa da gaske ya fara hazo, in ba bara ba bana. Ya ce in gari ya ji ladan ɓarawo ne, gobe in ya kira wani zai sha wani zai ce bari in leƙa, masallaci ya rabu biyu, masu cewa a cire shi da danginsa masu cewa sharri ne, kuma duk garin babu mai tashi asuba ba fashi in ba shi ba. Ya ce shi dai abin da ya sani, tun da injin ya koma hannun Sabi'u ba a ƙara kiran salla a kuskure ba.

Ya ce, “Injin na wurin aikinai. Ni mi zan yi da shi, in san lokacin kwanciya?”

Ya kwance agogon ya sa mini a tafin hannu, ya ce in mayar yadda na samu, kuma bai yafe mini ba in na buɗe baki a masallaci. Da ya ga ban tashi ba sai ya tambaye ni wane inji na sa a na Sabi'u. Ya dubi fuskata ya gane. Bai yi faɗa ba, ya ce in hadari ya zo aka kira da rana, shi ma da kiran nan zai sha ruwa, da shi da uwata, da mai ciki da ke ƙirga minti, da tsofaffin ruga da ba su san an yi ba. Ya ce in je in lissafa azumin mutum nawa nake so in ɗauka a wuyana don in ga Sabi'u ya ji kunya. Ya koma kan igiyarsa.

Na san gaskiya ya faɗa, ba sai kun gaya mini ba. Zancen barin mutane su sha ruwa da rana ya fita raina tun a zauren, ko da yake in na ce ya fita duka na yi ƙarya. Amma ɗayan ne ya tsaya mini a wuya. Wato in zauna da hannuna, da magagarina, in ɗauki aikin da na yi wa ubana na mako uku in dasa wa ɓarawonsa, in gyara masa sandar da kyau yadda ba za ta ƙara zarewa ba, in miƙa masa ya ɗaga kai ya ce ai na gaya maka ba na tebur ba ne. Ya ci gaba da kira ana yaba masa, Baba kuma ya ci gaba da bin lungu. Mutumin nan bai taɓa zuwa ya durƙusa ya ce Baba na yi kuskure ba, ko a ɓoye. Da ya yi wannan da na haɗiye.

Na yi tunanin in ja shi gefe in buɗe murfin in nuna masa harafina, in ce ya je da ƙafarsa ya faɗa wa liman ko ni in faɗa. Amma na san shi, zai ce mai gyaran Maraɗi ne ya haɗa su ya rikita, ya yi salati, kafin la'asar ya zaga gari ya ce ɗan Sha-da-Rana ya ƙulla masa sharri don ubansa ya koma. Kuma ko ta wace hanya maganar ta fita, Baba zai san daga ni ne, ga kalmar da ya ɗora mini. Na yi tunanin in nemo wani inji mai batir mai kyau in sa wa Sabi'u, gari ya samu lokacinsa daidai, Baba ya riƙe nasa. Inna ta ce in na yi haka Baba ba zai ɗaura ba, ya riga ya ce a mayar, kuma ko ya ɗaura sunan da yara ke kiransa ba a cikin agogo yake ba. Ita dai kuka take, ta ce ita in don ta ita ne in tona, amma kada in ce ita ta ce.

Ga agogon biyu nan cikin aljihun teburina, jibi bayan la'asar zai zo. Malamai na cikin gurup ɗin nan, ku gaya mini, biyayyar iyaye ta kai har inda uba zai hana a cire masa ƙazafi? Waɗanda kuma suka taɓa riƙe irin wannan a ciki, yaya kuka yi kuka haɗiye bai kashe ku ba? Baba ya tsufa, ban san azumi nawa ya rage masa ba. In na yi magana na saɓa masa yana raye. In na yi shiru, ranar da za a ɗauke shi mutane za su tsaya a kansa suna cewa Allah ya jiƙan tsohon da ya karya mana azumi, kuma Malam Sabi'u ne zai ɗauki lasifika ya sanar da gari lokacin jana'izar. Wanne zan ɗauka?